Shayin Mambila da Wuraren Tarihin Taraba: Dukiyar da ke Jiran a Haɗa Ta a Kan Hanya Guda

JALINGO — Matafiyin da ya bar Jalingo da asuba a cikin watan Maris, lokacin da zafin kwarin Binuwai ke hana mutane barci a ɗaka, yana iya samun kansa kafin faɗuwar rana yana neman rigar sanyi a garin Nguroje. A tsakanin waɗannan garuruwa biyu zai ratsa Garba Chede da Bali da Serti, ya wuce gefen gandun dajin ƙasa mafi girma a Nijeriya, sannan daga Mayo Selbe motarsa ta shiga hawan dutse mai kwana-kwana har ta kai shi kan tudun Mambila, inda gonakin shayi ke shimfiɗe a kan gangara kamar an daidaita su da almakashi.

Wannan hanya guda ɗaya ta ƙunshi kusan duk abin da wasu ƙasashe suka gina babbar sana'ar karɓar baƙi a kansa: amfanin gona mai suna, yanayi mai daɗin zama, namun daji, tsofaffin masarautu da kufan yaƙe-yaƙe. Amma har yanzu Jihar Taraba, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta, 1991, ba ta fara cin moriyar wannan hanya yadda ya kamata ba. Gonar shayi tana harkarta ita kaɗai, gandun daji yana tasa, fadojin sarakuna su ma haka, kuma baƙon da ya zo saboda ɗaya daga cikinsu sau da yawa yakan koma gida bai san da sauran ba.

Batun ya wuce na shaƙatawa. Taraba ita ce jiha ta uku wajen faɗin ƙasa a tarayya, bayan Neja da Barno, amma ta sha kasancewa a sahun jihohin da suka fi ƙarancin kuɗin shiga na cikin gida, ta yadda albashi da ayyukan raya ƙasa duk sun dogara ne a kan kason da ke zuwa daga asusun tarayya. Duk wata kafa da za ta kawo kuɗi daga wajen jihar, ta kuma raba shi ga manomi da direba da mai abinci, abin a tsaya a duba ce da idon basira.

Darasi daga ƙasashen masu noman inabi

Ƙasashen da suka fara gane cewa gona tana iya zama wurin ziyara su ne masu noman inabi na Turai. A 1935 Jamus ta ware wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 85 wadda ta ratsa ƙauyukan manoman inabi, ta sa mata suna guda, ta kafa alamu a bakinta. Faransa ta bi sahu a 1953 da hanyar yankin Alsace, mai kimanin kilomita 170. A Afirka ta Kudu kuwa, masu gonaki uku ne kacal suka haɗa kai a 1971 suka buɗe hanyar Stellenbosch, garin da aka kafa tun 1679, kuma daga wannan ɗan ƙaramin farawa ne yankin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a ƙasar.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan abin da baƙo ke biya a waɗannan yankuna ba kuɗin kayan gonar ba ne. Yana biyan kuɗin ɗakin kwana, da na abinci, da na mota, da na ɗan jagora, da na shiga tsofaffin gine-gine da gidajen tarihi. Gonar ita ce take ba yankin suna da kyan gani, tarihi kuma shi ne yake sa baƙo ya ƙara kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka ne Hukumar UNESCO ta sanya yankin Saint-Émilion na Faransa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, gonakinsa da garinsa da majami'arsa da aka sassaƙa a cikin dutse duk gaba ɗaya, ta kuma yi wa yankin Alto Douro na Fotugal haka a 2001.

Ba inabi kaɗai ne ya amfana da wannan dabara ba, kuma a nan ne batun ya shafi Taraba kai tsaye. A Darjeeling ta ƙasar Indiya, gonakin shayi da tsohon jirgin ƙasan da ke hawa duwatsu, wanda shi ma ya shiga jerin UNESCO a 1999, tare suke jan baƙi. A Nuwara Eliya ta Siri Lanka an mayar da tsofaffin gidajen manajojin gona masaukin baƙi. Yankin noman kofi na Kolombiya ya shiga jerin a 2011, sannan tsofaffin dazuzzukan shayi na dutsen Jingmai a ƙasar Sin suka shiga a 2023. Taraba ba ta noman inabi, amma tana da shayi, kuma ita ce jihar da ake nomansa domin kasuwa a Nijeriya.

Ganyen Kakara

Tudun Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, wadda hedkwatarta ke Gembu. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 9,000, tsayinsa kuma ya kai kimanin mita 1,600 daga saman teku a mafi yawan wurare. Damunarsa doguwa ce, ƙasarsa mai tsami ce, kuma zafin rana ba kasafai yake tsananta ba. Waɗannan abubuwa uku su ne ainihin buƙatun itacen shayi, shi ya sa tun a shekarun 1970 aka kawo irinsa daga Kenya aka fara dasawa, aka kafa gona da masana'anta a ƙauyen Kakara. Shayin da ake sarrafawa a can shi ne ake sayarwa da sunan Highland Tea, a ƙarƙashin kamfanin Mambilla Beverages. A Kusuku, kusa da Kakara, akwai tashar Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya, wadda ke gwajin irin shayi da na kofi.

Aikin shayi aiki ne na hannu da na gaggawa. Itacen yakan ɗauki kimanin shekaru uku kafin a fara tsinkarsa, amma da zarar ya kama yana iya shekaru masu yawa yana bayarwa. Masu tsinka, waɗanda da yawansu mata ne, suna cire toho ne kawai da ganye biyu na ƙarƙashinsa, su zuba a kwandon da ke bayansu, kuma bayan mako ɗaya ko biyu sai a sake zagayowa kan itacen. Dole ganyen ya isa masana'anta cikin 'yan sa'o'i, inda za a shanya shi ya yi yaushi, a niƙa shi, a bar iska ta buge shi har ya rine, a busar da shi da zafi, sannan a tankaɗe a ware shi daraja-daraja. Sai an tara sama da kilo huɗu na ɗanyen ganye kafin a samu kilo ɗaya na busasshen shayi.

Wannan gaggawa ce ta sa wutar lantarki ta zama rai ga masana'antar. Shekaru da yawa tsadar man dizal, wanda sai an hau da shi dutse daga kwari, ta riƙa cinye ribar kamfanin, har aiki ya yi ta tsayawa yana tashi. Sauƙi ya fara zuwa ne a 2015, lokacin da aka ƙaddamar da ƙaramar tashar wuta mai ƙarfin kilowat 400 a madatsar ruwa ta Tunga, wadda aka gina da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Baya ga gonar kamfanin, akwai ƙananan manoma a ƙauyukan da ke kewaye waɗanda ke noma shayi a gonakinsu suna sayar wa masana'antar da ganye, kuma arzikinsu a ɗaure yake da nata: ranar da injin ya tsaya, ganyensu ba shi da wani mai saye.

Duk da haka, mafi yawan shayin da 'yan Nijeriya ke sha daga waje ake shigo da shi. Mai shayin da ke bakin tasha a Kano ko Sakkwato yana dafa ganyen da wataƙila ya fito daga gwanjon Mombasa ko daga ƙasar Sin, alhali bai taɓa jin sunan Kakara ba. A ƙasashen da aka ambata a sama, baƙon da ya zagaya gona ya ga yadda ake aikin, ya sha kofi ɗaya a wurin, shi ne yake komawa gida ya zama mai talla ba tare da an biya shi ba. Wannan tallar ce shayin Mambila ya fi rasa.

Zangon farko: Jalingo da Kona

Hanyar da za ta kai baƙo Kakara tana farawa ne daga Jalingo, kuma garin da kansa yana da labarin da bai kamata a wuce shi da gudu ba. Masarautar Muri ta samo asali ne daga jihadin ƙarni na 19, inda Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa ta a wajajen 1817. A ƙarshen ƙarnin, lokacin da Ingila da Faransa ke tseren mallakar kogin Binuwai, wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis Mizon ya iso ƙasar Muri, ya ƙulla ƙawance da Sarki Muhammadu Nya, kuma a 1892 ya taimaka masa da manyan bindigogi wajen cin garin Kona na Jukunawa. Daga sansanin yaƙin da aka kafa a wannan yanki ne Jalingo ta tsiro a 1893, ta zama mazaunin Sarkin Muri.

Ke nan a cikin 'yan kilomitoci kaɗan baƙo yana iya ganin fadar Muri da garin Kona, ya ji labari guda daga bakin ɓangarori biyu, ya kuma fahimci yadda rikicin manyan ƙasashen Turai ya shafi ƙaramin gari a gindin duwatsu. Babban birnin jihar yana da filin jirgin sama na Danbaba Suntai da Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, don haka ba a rasa ƙofar shigowa ba, ba a kuma rasa malaman tarihin da za su iya horas da 'yan jagora ba. Gabas da birnin kuwa ƙasar Mumuye ce, ta Yorro da Zing, wadda doyarta ta yi suna a kasuwannin Arewa, gumakanta na katako kuma suna ajiye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Gashaka: daji da kufai

Daga Jalingo hanya ta yi kudu zuwa Bali, sannan Serti, inda hedkwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti take. An kafa gandun ne a 1991 ta hanyar haɗe tsofaffin gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ɓangaren arewa yana cikin Jihar Adamawa, na kudu kuma a Taraba. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, a kan iyakar Kamaru, mai tsayin mita 2,419, wanda babu wani wuri a Nijeriya da ya kai shi tsawo.

Gandun yana da ɓauna da gwanki da dorina da kada da damisa, da tsuntsaye sama da iri 500, amma abin da ya fi jawo masa suna a wurin masana shi ne birin cimpanzi na Nijeriya da Kamaru, wanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma Gashaka na daga cikin manyan mafakarsa da suka rage. Tun daga shekarar 2000 masu bincike daga wata jami'ar Landan, da tallafin gidan namun daji na Chester a Ingila, suka yi shekaru suna nazarin birran yankin. A 2017 kuma Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta rattaba hannu kan yarjejeniyar shekaru 30 da gidauniyar Africa Nature Investors domin gudanar da gandun tare, abin da ya kawo ɗaukar sababbin masu gadin daji da horas da su.

Akwai kuma amfanin da ba a cika lissafa shi ba. Dazuzzukan duwatsun Gashaka su ne ke riƙe ruwan da ke ciyar da kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai, don haka masunci da manomin fadama da ke can ƙasa suna cin albarkar gandun ko da ba su taɓa taka shi ba. Ta fuskar tarihi kuwa, a kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin sojojin Jamus, shaidar zamanin da wannan yanki yake ƙarƙashin mulkin Jamusawan Kamaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun a 1995 Nijeriya ta sanya gandun a cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta duba, amma Sukur ta Jihar Adamawa ce ta fara samun wannan matsayi a 1999.

A kan tudu

Hawan da ke farawa daga Mayo Selbe shi kansa abin kallo ne, domin a cikin ɗan lokaci itatuwan kwari suna ɓacewa, ciyawa gajera da hazo su maye gurbinsu. Daga Maisamari zuwa Nguroje zuwa Gembu, abin da ido ke gani shi ne tuddai masu santsi, garkunan shanu, layukan bishiyar turare da aka dasa domin katako da itacen girki, da gonakin masara da dankalin Turawa da ayaba da fiya. Ƙarancin ƙudan tsando a wannan tsayi shi ne ya jawo Fulani makiyaya suka zauna tare da Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu, ga kuma Hausawa 'yan kasuwa, kuma Fulatanci ne harshen da aka fi haɗuwa a kansa a kasuwa.

Sunan ƙaramar hukumar ma tarihi ne. Bayan an kori Jamusawa, yankin ya koma hannun Ingila a matsayin wani ɓangare na Arewacin Kamaru da aka ba ta amana. A ƙuri'ar raba-gardamar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a watan Fabrairu na 1961, jama'ar Arewacin Kamaru suka zaɓi zama a Nijeriya, kuma ran 1 ga Yuni na wannan shekara suka shigo a matsayin Lardin Sardauna, don girmama Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello. Ƙalilan ne daga cikin yankunan ƙasar nan za su iya cewa da ƙuri'a suka zama 'yan Nijeriya.

Kusa da ƙauyen Yelwa akwai gandun dajin Ngel Nyaki, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 46, ɗaya daga cikin ragowar dazuzzukan kan dutse na wannan yanki na Afirka. Tun farkon shekarun 2000 ake gudanar da aikin bincike a can da haɗin gwiwar Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, wanda ya samar da tashar bincike, ya ɗauki samarin ƙauyen aiki, ya kuma jawo ɗalibai daga jami'o'in gida da na waje. Wannan ƙaramin misali ya nuna cewa baƙo yana iya zuwa ya daɗe, ya biya, ya kuma bar ilmi a baya, ba tare da an gina masa katafaren otal ba.

Reshen kudu: Wukari da Ibi

Hanya ta biyu daga Jalingo ita ce wadda ta bi kwarin Binuwai zuwa Wukari, mazaunin Aku Uka, babban sarkin Jukunawa, waɗanda ke danganta kansu da daular Kwararrafa. Tarihin Kano ya ambaci hare-haren da Kwararrafawa suka kai wa birnin, musamman a ƙarni na 17, don haka ɗalibin Kano ko Katsina da ya ziyarci Wukari zai ga ɗaya ɓangaren labarin da ya karanta a makaranta. A garin akwai fadar Aku Uka da tafkin Marmara mai kadoji, wanda Jukunawa ke girmamawa.

Arewa da Wukari, a bakin Binuwai, garin Ibi yake. Tashar ciniki ce ta Kamfanin Neja na Turawan Ingila, ta taɓa zama hedkwatar Lardin Muri, kuma ta nan ne 'yan mishan na Sudan United Mission suka shigo a 1904. Kusa da garin ne tafkin Nwonyo yake, wanda tarihin baka ya danganta gano shi da shekarar 1816, inda ake bikin kamun kifi mai tara masunta da makaɗa da masu tseren kwale-kwale. Bikin ya yi shekaru fiye da goma a kwance kafin gwamnatin Agbu Kefas ta farfaɗo da shi a watan Afrilu na 2024. Na Argungu a Jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, shi ma ya taɓa irin wannan dogon hutu, kuma darasin duka biyun guda ne: bikin da ba shi da tsayayyen lokaci, ɗan kasuwa ba ya iya zuba jari saboda shi.

Inda kuɗin yake shiga da inda yake zurarewa

A lissafin tattalin arziki, yawan baƙi ba shi ne ma'auni na farko ba. Abin da ake dubawa shi ne kwana nawa baƙo ya yi, nawa ya kashe a kowace rana, kuma kashi nawa na wannan kuɗi ne ya tsaya a hannun mutanen wurin. Baƙon da ya taho da motarsa da abincinsa da ruwansa daga Abuja, ya ɗauki hoto a gonar shayi ya juya, bai bar wa Kakara komai ba. Wanda ya kwana a Jalingo, ya kwana biyu a Serti, ya kwana biyu a Gembu, ya ɗauki ɗan jagora, ya hau babur ɗin haya, ya ci abincin gari, ya sayi shayi da zuma da fiya ya tafi da su tsaraba, shi ne wanda kuɗinsa ke zagayawa daga hannu zuwa hannu kafin ya bar jihar.

Wannan shi ne dalilin haɗa wuraren a kan hanya guda. Babu ɗaya daga cikinsu da shi kaɗai zai sa mutum ya yi tafiyar yini guda, amma idan aka jera su, tafiyar mako ce mai ma'ana. Bugu da ƙari, kasuwar farko tana cikin gida. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, hutu a ƙasashen waje ya fi ƙarfin iyalai da yawa da a da suke zuwa Dubai ko Alƙahira. Ga ɗaliban jami'o'i da sakandare masu tafiyar ilmi, ga ƙungiyoyin ma'aikata masu neman wurin taro, ga kuma mazauna biranen Arewa waɗanda a watannin Maris da Afrilu ba abin da suke nema kamar sanyi. Lokacin da zafi ya fi tsanani a Kano da Maiduguri ya zo daidai da ƙarshen rani a Mambila, lokacin da hanyoyin ƙauye ke biyuwa.

Abubuwan da ke kawo cikas

Cikas na farko shi ne hanya. Titin Bali zuwa Serti zuwa Gembu shi ne babbar jijiyar tudun, kuma duk abin da ya same shi, na zaftarewar ƙasa ko karyewar gada, yana shafar shayi da dankali da matafiya a lokaci guda. A ɗaya reshen kuwa, ambaliyar damunar 2024 ta karya gadar Namnai a kan titin Jalingo zuwa Wukari, abin da ya tilasta wa jama'a da kaya tsallakawa a kwale-kwale. An daɗe ana sa ran cewa babban aikin wutar lantarki na Mambila zai zo da hanyoyi masu kyau. Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilarsa a 2017 a kan dala biliyan 5.79 domin samar da megawat 3,050, amma taƙaddamar shari'a da ta kai har gaban kotun sasanci a Faris da matsalar kuɗi sun hana a ga madatsar a ƙasa. Wanda ke tsara harkar baƙi bai kamata ya jingina lissafinsa da wannan aiki ba.

Na biyu shi ne zaman lafiya. Rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya ya ɓarke a Mambila a 2002, inda dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa Kamaru, ya kuma sake tashi a 2017 da asarar rayuka da dukiya. Kudancin jihar ma ya sha fama da rikicin ƙabilanci. Babu sana'ar da ta fi ta karɓar baƙi saurin jin tsoro, domin labari ɗaya a rediyo yana iya share ribar shekara. Har ila yau, duk wani shiri da zai ƙwace fili daga manomi ko makiyayi domin gina masauki, sabon rikici zai haifar.

Na uku shi ne lalata dukiyar da ake son nunawa. A tsakiyar shekarun 2010 saran itacen madobiya domin fitarwa zuwa ƙasar Sin ya yi wa dazuzzukan Taraba mummunar illa, har yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da namun daji ta sanya itacen cikin waɗanda ake sa wa ido a 2017, ta kuma dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba da farauta da ƙona daji su ma suna cin gandayen daga gefe. Itacen da aka sare sau ɗaya ake sayar da shi, alhali wanda ke tsaye a cikin gandu yana iya kawo kuɗi kowace shekara.

Abin da za a iya yi da ɗan abin da ke hannu

Nijeriya tana da misalan da za a yi hattara da su. Tudun Obudu na Jihar Kuros Riba, wanda aka fara a matsayin gonar shanu a 1951, ya samu manyan gine-gine da motar igiya mai hawa dutse a 2005, amma bayan sauyin gwamnati rashin kulawa ya rage masa armashi. Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, ta sha sauyin hannu tsakanin tarayya da jiha. Duka biyun sun nuna cewa gini yana da sauƙi a kan kulawa da shi, kuma wurin da rayuwarsa ta rataya a wuyan kasafin kuɗin gwamna ɗaya yana tashi ne ya faɗi tare da shi.

Hanyar Stellenbosch ba da gini aka fara ta ba. An fara ta ne da yarjejeniya tsakanin masu gonaki, da taswira, da alamu a bakin titi, da tsayayyun ranakun buɗe ƙofa. Irin wannan bai fi ƙarfin Taraba ba. Kamfanin shayi yana iya ware ranakun da baƙi za su zagaya gona da masana'anta a kan kuɗi ƙayyadadde, da ɗan shago inda za a sha a kuma saya. Hukumar gandun daji da masarautun Muri da Wukari da Gashaka da Mambila suna iya amincewa da jadawali guda na shekara, wanda za a san ranar bikin Nwonyo a cikinsa tun watanni kafin ya zo. Jami'o'in Jalingo da Wukari suna iya horas da samari da 'yan mata su zama 'yan jagora masu lasisi. Gwamnatin jiha kuma aikinta shi ne titi da tsaro da duba tsaftar masaukai, ta bar gina ɗakuna ga 'yan kasuwa da iyalan da ke da ɗaki na haya.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne a rubuta tun farko kashi nawa na kuɗin shiga zai koma wa ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gona da gandu, kuma a riƙa bayyana lissafin a fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma manomin shayi na Kusuku ko makiyayin Nguroje ba zai kare abin da bai ga rabonsa a ciki ba. Idan aka cimma wannan, motocin da ke hawa Mayo Selbe da dizal da siminti su sauko da dankali da shanu za su samu kaya na uku, wato baƙi masu kwana, kuma shayin Kakara zai fara isa teburan masu shayi na Kano da Kaduna da sunansa.